Kurtun Wagini: An Auna Tsayinsa, Wa Ya Auna Abin Da Ke Ransa?

A daren Juma'a 14 ga watan Fabrairun 2020 ne 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar da ke ƙaramar hukumar Batsari, inda suka kashe mutum 30 a ƙidayar 'yan sanda, da yawansu tsofaffi da ƙananan yara waɗanda ba su iya gudu ba. Kwana 12 bayan wannan ta'asa, can a Malam Fatori da ke jihar Borno, wani kofur ɗin soja ya buɗe wa abokan aikinsa wuta, ya kashe huɗu, ya jikkata biyu, sannan ya kashe kansa. Jaridu sun buga labaran nan biyu kowanne a shafinsa, kamar babu abin da ya haɗa su. Alhali kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin yaron da ya kwana a cikin kara yana jin kururuwar danginsa a ƙasar Batsari, shi ne dai wanda bayan shekara biyu ko uku zai bi layi a Katsina yana neman shiga soja, a danƙa masa bindiga cike da harsashi, a kai shi inda zai sake ganin abin da ya fi wanda ya baro.

Ɗan uwa mai karatu ya ɗauki misali da saurayin Wagini, garin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu. Ya tashi ya tarar gonar ubansa ba ta nomuwa sai da fargaba, shanun gidansu an kore, an sayar da abin da ya rage an biya kuɗin fansa. Ya san hanyar Batsari da dare da ƙafa, ya san kwanan makarantar firamare tare da 'yan gudun hijira, mai yiwuwa kuma ya taɓa ɗaukar gawar abokinsa a kafaɗa. Da ƙyar ya gama sakandare. Aiki babu, jari babu. Sai ya ji an buɗe ɗaukar sababbin sojoji, ya je shagon masu kwamfuta aka cike masa fom. Abu biyu ke ransa: albashin da zai riƙe tsohuwarsa da shi, da kuma wata wuta ta ramuwar gayya wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba.

To me ake dubawa a wajen tantancewa? Ana duba takardar shaidar ɗan asalin jiha da ta haihuwa, a tabbatar shekarunsa tsakanin 18 ne da 22 in ba mai sana'ar hannu ba ne. Ana duba takardar sakandare. Ana tsayar da shi a jikin ma'auni a ga ko ya kai mita 1.68. Ana ɗibar jininsa, a duba idonsa, a duba tafin ƙafarsa, a sa shi gudu har ya yi kamar zai shiɗe. Duk wannan daidai ne, babu mai jayayya. A cikin sharuɗɗan kuma akwai layi guda da ya ce dole mai neman aikin ya kasance lafiyayye a jiki da tunani. Wannan layin shi ne abin tambaya. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma kullum wasunsu na ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, wa zai zauna da dubban samari a kowace jiha cikin 'yan kwanaki, ya ji ko suna samun barci, ko suna firgita da dare, ko wani ya taɓa tunanin gara ya mutu ya huta? Ko makaho ya shafa ya san awon tsayi ya fi wannan sauƙi, shi ya sa aka fi ba shi ƙarfi.

Daga nan sai Dafo ɗin soja na Zariya, wanda Turawan mulkin mallaka suka kafa tun 1924. Wata shida ana gasa kurtu, a aske masa kai, a koya masa cewa soja ba ya kuka, ba ya ƙorafi, ba ya cewa ya gaji. Darasin yana shiga, har ya wuce inda ake so. Ranar faretin yaye kurata iyaye su zo daga ƙauye da guɗa, a ɗauki hoto, a watse.

Mai karatu ya dubi abin da ke biyo baya. A watan Nuwamban 2017 wani saje ya harbe kyaftin ɗinsa a Chibok, ya kuma kashe kansa. A watan Yulin 2020 wani ƙaramin soja ya harbe laftana a Bama, rahotanni suka ce a kan hana shi izinin tafiya ne, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a farkon 2021. A ranar 5 ga watan Maris na 2023, a sansanin Rabah da ke jihar Sakkwato, a nan Arewa maso Yamma, wani soja ya kashe mutum uku har da kwamandan sansanin, sannan ya juya bindigar kansa. Duk lokacin da irin wannan ta faru sanarwa ɗaya ce ke fitowa: wai an kafa kwamitin bincike. Ina sakamakon binciken Chibok? Ina na Malam Fatori? Talakan da ɗansa ke cikin kaki bai taɓa jin an karanta masa ko shafi ɗaya ba. Waɗannan ma sun fito fili ne don an haɗa da ran wani. Wanda ya tafi shi kaɗai, cikin dare, a bayan tanti, labarinsa ba ya wuce sansanin.

Yanzu akwai masu cewa maganin abin mai sauƙi ne: a tsaurara tantancewa a bakin ƙofa, a zaƙulo masu raunin zuciya a mayar da su gida, shi ke nan. Maganar tana da daɗin ji, musamman a kunnen manyan hafsoshi, domin ta ɗora laifin kacokan a kan yaron. Wato tun asali shi ne lalatacce, kuskuren hukuma kawai shi ne ta bari ya shigo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

An riga an gwada wannan dabara a inda suka fi kuɗi da likitoci, ba ta kuwa haifi ɗa mai ido ba. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta sa likitocin ƙwaƙwalwa su tace masu shiga soja, bisa tsarin da wani likita mai suna Harry Stack Sullivan ya taimaka aka shimfiɗa. Sun mayar da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi gida a kan wai zuciyarsu ba za ta ɗauki yaƙi ba. Me ya faru? Waɗanda aka tace aka ce su ne gwanaye suka riƙa zubewa a fagen fama da ciwon tunani fiye ma da yadda aka gani a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har a 1944 Janar George Marshall ya soke tsarin. Bayan yaƙin wasu likitoci biyu, Swank da Marchand, waɗanda suka bi sojojin da suka yi yaƙi a Nomandi ta ƙasar Faransa, suka rubuta a 1946 cewa in aka bar soja kwana 60 a jere cikin ruwan wuta, kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka rayu sai tunaninsu ya taɓu. Kwana 60 ke nan. Mai karatu ya tuna da sojojin da suka yi ta harbi a sama a filin jirgin saman Maiduguri a watan Agustan 2018, suna ƙin a sake tura su Marte, suna kukan cewa sun shekara da shekaru a fagen daga ba a canza su ba.

Amurkawan sun sake komawa kan maganar bayan yaƙin Iraƙi da Afganistan, lokacin da abin ya ishe su. A 2012 sojojinsu 349 ne suka kashe kansu, adadin da ya zarce waɗanda aka kashe musu a Afganistan a wannan shekarar. Tun 2009 suka ware dala miliyan 50 suka soma wani gagarumin bincike mai suna Army STARRS. Abin da aka fitar a 2014 yana da fuska biyu, kuma duk mai gaskiya dole ya kalli duka biyun. Fuska ta farko: wajen rabin sojojin da suka taɓa tunanin kashe kansu ko suka yi yunƙuri, abin ya soma musu ne tun kafin su sa kaki. Ke nan tambayar kurtu a bakin ƙofa tana da amfani, domin da yawa da ciwonsu suke shigowa. Fuska ta biyu: an yi musu tambayoyin ai, amma suka wuce, saboda wanda ke neman aiki ba ya tona wa kansa asiri. Binciken ya kuma nuna cewa ga sojan da ba a taɓa tura shi yaƙi ba, haɗarin yunƙurin ya fi tsanani a watannin farko na shigarsa, musamman wata na biyu, wato yana tsakiyar horo. Ingila ma ta ga nata: tsakanin 1995 da 2002 matasan sojoji huɗu aka tsinci gawarsu da harbin bindiga a barikin horo na Deepcut, iyayensu suka shafe shekaru suna neman a faɗa musu gaskiya. A 2017 kuma wasu masana suka tattara bincike 365 da aka yi cikin shekara 50, suka tarar duk alamomin da ake dogaro da su wajen hasashen wanda zai kashe kansa, da kaɗan suka fi canki-canka.

In Ba'amurke mai zaɓin aiki goma ya ɓoye, ina ga ɗan Wagini wanda wannan ce ƙofa ɗaya tilo da ta buɗe masa? A tambaye shi a gaban layi, abokansa na saurare, wai ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Zai yi dariya ya ce a'uzubillahi. Ya san in ya amsa da gaskiya ya rasa aikin, ya koma gida a ce an koro shi don mahaukaci ne, babu mai ba shi 'ya. Ƙari a kan haka, dokar Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 ta rubuta a sashe na 231 cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya. Mutum ya tsira daga mutuwa a tarbe shi da ankwa! Sai a 2023 ne ma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Al'ummar da ta shafe shekara sittin tana koya wa mai ciwon damuwa cewa shi mai laifi ne, ba ta da bakin mamaki don ya rufe bakinsa a gaban likitan soja.

Tantancewar da za ta yi amfani ita ce wadda kurtu zai tabbatar cewa faɗin gaskiya magani zai jawo masa, sirrinsa kuma ba zai kai kunnen sajen horo ba. A yi ta a ɗaki a keɓe, da harshen da yake mafarki da shi, domin yaron da da ƙyar ya ci Turanci a jarrabawa ba zai iya bayyana abin da ke cin ransa a fom ɗin Turanci ba. A tambaye shi abin da ya gani a garinsu, tunda duk wanda ya fito daga Batsari, Safana, Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara ko Faskari a shekarun nan, daga fagen yaƙi ya fito tun kafin a ba shi lamba. A sake tambayarsa a wata na biyu a Dafo, a sake kafin a tura shi, a sake in ya dawo, a sake ranar da abokinsa ya faɗi a gefensa. Wanda aka ga ya jigata a karɓi bindigarsa na ɗan lokaci cikin mutunci, ba tare da an jefa shi gadirum ko an tsayar da albashinsa ba. Wanda kuwa aka ga bai dace da aikin ba tun farko, a haɗa shi da asibiti, kada a sake shi a tasha da kuɗin mota kawai, ya koma Wagini da ciwo biyu.

Duk wannan ma rabin aiki ne in ba a taɓa abin da ke karya su bayan sun shiga ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lokacin da yake babban hafsan tsaron ƙasa, Janar Christopher Musa ya faɗa da bakinsa cewa albashin ƙaramin soja wajen Naira 50,000 ne a wata, a lokacin da wannan kuɗin ba ya sayen buhun shinkafa. A 2020 jaridu suka ruwaito sojoji 356 sun nemi ajiye aiki a lokaci guda, akasarinsu suna cewa sha'awar aikin ta fita daga ransu. A watan Yulin wannan shekarar aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a Shimfiɗa ta ƙaramar hukumar Jibiya, rahotanni suka ce sama da 20 suka rasu. Waɗanda suka kwashe gawarwakin nan, wa ya zauna da su washegari? Kuma a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Batsari da Safana, sojan ƙasar nan da ke tsaye a bakin Tafkin Chadi ya shafe wajen wata uku ba ya iya jin muryar mahaifiyarsa, bai sani ba ko tana gida ko tana daji. Yana gadin garin wasu, nasa garin yana ci da wuta. Ya nemi izinin zuwa, a ce ya jira. A irin wannan hali ne ƙwaya ke samun kasuwa. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma katangar bariki ba ta hana Tramadol shiga. Ana shanta don a kore gajiya da tsoro, ita kuma ta kore sauran hankalin da ya rage.

Maganar ba ta tsaya kan sojan tarayya ba. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina da matasa kusan 1,500, waɗanda aka ɗebo daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Su waɗannan a ƙofar gidansu suke yaƙi, gawar da za su ɗauka ta ɗan unguwarsu ce, wanda za su harba mai yiwuwa sun yi makarantar allo tare. In akwai waɗanda suka fi kowa buƙatar a riƙa duba lafiyar tunaninsu, to su ne, tare da 'yan sa-kai da ba su da ko albashi.

Saura waɗanda ke rufe zancen da kalma ɗaya, su ce ai rashin imani ne, Musulmin kirki ba ya kashe kansa. Haramcin kisan kai ba abin tattaunawa ba ne, Alƙur'ani ya yanke hukunci a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, kuma babban zunubi ne mai tsananin narko. Amma yaushe haramcin abu ya zama hujjar barin mara lafiya ba magani? Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. A cikin Sahihu Muslim akwai ƙissar mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru Addausi, ciwo ya tsananta masa, ya kasa jurewa ya yi wa kansa rauni a hannu har ya rasu. Da labarin mafarkin da Ɗufailu ya yi game da shi ya isa ga Manzon Allah (S), addu'ar gafara ya yi wa hannayen mutumin. Wannan ita ce tarbiyyar da aka bari. Mai cewa rashin imani ne, in aka matsa masa, sau da yawa so yake ya huta da nauyin ɗan uwansa. Shi ke nan ya wanke hannunsa, kamar yadda hukuma ta wanke nata da kwamitin bincike. Addu'a da zikiri da karatun Alƙur'ani garkuwa ne ga zuciya, babu mai musu, amma wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a ne a kuma kai shi wajen mai ɗori.

Samarin da ke karanta wannan shafi su ne sa'o'in waɗannan kurata. Tare suka yi ƙwallo, tare suka ci kwakwa a makaranta, kuma su ne na farko da za su gan shi ranar da ya zo hutu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda a da shi ne mai ba majalisa dariya, yanzu ya zauna a gefe ba ya magana. Ba ya barci sai ya sha wani abu. Ƙarar salansar babur ta sa ya zabura. Abu kaɗan ya hau matarsa ko ƙaninsa da duka. Ya soma rarraba kayansa yana neman yafiya ba tare da dalili ba, ko ya riƙa cewa shi ya zama kaya ga mutane. Irin wannan ba a yi masa ba'a, ba a kuma tara masa jama'a da wa'azin wuta. Amininsa ya ja shi gefe bayan sallar isha'i, ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun bincika sun tabbatar wannan tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke sa ya sauke ajiyar zuciya ya fara magana. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai a wannan daren, a nisanta shi da makami da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi, a sanar da babba ɗaya mai riƙe sirri a gidan. Da gari ya waye a nufi asibiti da shi: akwai asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, ga soja kuma akwai asibitin 44 na Kaduna. In kwanakin hutunsa sun kusa ƙarewa, a nemi likita ya ba da takarda kafin a bar shi ya hau motar komawa sansani.